Ƙarar da ta ci min kuɗin linkej, ashe kilif ɗin burki ne

Wallahi akwai ƙarar da in mota tana yi gara ma ace tsayawa tayi cak a hanya ka san inda matsalarka take, da dai wannan 'yar kacar-kacar ɗin da bata hana ka tafiya amma ta hana ka sakat. Tawa Corolla ce 2006, irin 'yan Amurkan nan da ake shigowa dasu ta Kwatano, shekara biyar kenan tana hannuna kuma tsakani da Allah bata taɓa kunyata ni ba, in dai na zuba mata mai na juye baƙin mai akan lokaci toh shikenan. Cikin daminar da ta wuce, wajen watan Agusta lokacin da ruwa ya gama zaizaye layinmu ya bar mana duwatsu da ramuka, sai na fara jin wata ƙara daga gaba, kacar-kacar-kacar, kamar an zuba cokula a kwanon silba ana girgizawa. In na hau kwalta mai kyau irin titin Zariya shiru kake ji ko gudu nawa zanyi, amma da zarar na sauka gargada ina lallaɓawa a hankali sai ta dawo. Uwargida ce ta fara yi min tsiya, wai tun daga bakin layi take gane ni ne na dawo ba sai nayi hon ba, wai motar tawa ta koma kamar ta masu kai gara.

Abinda ban kawo a raina ba kwata-kwata shine sati biyu ko uku kafin nan na canja fad ɗin burkin gaba, wato abinda ke matse diski, faifan ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya, in an taka burki. Me zai sa ma in kawo? Burki yana kamawa lafiya lau, ba ya kuka, sitiyari ba ya rawa in na taka, kuma ni a sanina ƙarar burki sai an taka burki take fitowa. Wannan kuwa ƙafata na kan totur take yi.

Na kai ta garejin da na saba zuwa. Bakaniken ko shiga motar baiyi ba, dafa gefen bonet kawai yayi ya danna ta ƙasa sau biyu, ya tsuguna ya leƙa bayan taya, yace "Yallaɓai linkej ne, damina ce ai, duk motar da tazo nan satin nan shi muke canjawa." Nace toh ai kai ka sani. Linkej dai wani siririn ƙarfe ne a bayan taya da ke haɗa shok da sandar da ke rage wa mota tangaɗi. Aka aiki yaro ya kawo guda biyu aka ɗaura hagu da dama, na biya kuɗin kaya da na aiki, na fito ina jin daɗi don daga garejin har kusa da gida kwalta ce, ina karya kan motar na shiga layinmu sai ga kacar-kacar kamar ma ta ƙaru don ta bani haushi. Washegari na koma, wannan karon sai yace ai dama ya so ya faɗa min shok ɗin ma sun gaji, in anyi linkej ba ayi shok ba aikin banza ne. Da ya faɗi kuɗin shok biyu na Baljiyam sai da na cire hula na sosa kai, kunsan tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba abinda farashinsa bai haukace ba, balle kayan mota da dala ke juya su. Nace bari inje inyi shawara, shawarar kuwa da aljihuna ce.

Kwana goma da suka biyo baya ni na zama bakaniken kaina. Na kwashe komai na cikin but, jak da wil sifana da wata tsohuwar jarka, ƙara na nan. Na cire wil koba duka huɗu na zuba a gida, tana nan. Wani maƙwabcina direba yace gwangwanin nan ne da ke kare zafin salansa, yakan saki yayi ta kaɗawa, na kwanta a ƙasa akan buhu na bubbuga shi da hannu, daram yake. Har kujerar gaba na girgiza kamar mahaukaci. Kowa ka gaya wa sai ya baka nasa, wannan yace bol-jon, wancan yace tayirod, wani ma cewa yayi in rabu da ita kawai in ƙure rediyo.

Yadda na gano bakin zaren kuma ba wata dabara tawa bace. Wata ranar Alhamis da yamma na shigo layi daidai an tashi yaran Islamiyya, sun cika hanya ga wani mai adaidaita sahu a gabana yana tafiyar hawainiya, dole na ɗora ƙafa akan burki ina bin sa a hankali, ban taka sosai ba, ɗorawa kawai nayi motar na ci gaba da gangarawa. Mun wuce wajen da duwatsun suka fi yawa, inda kullum nan ƙarar tafi tashi, sai naji shiru. Da farko ban ma lura ba sai da hanya ta buɗe na ɗage ƙafa, kacar-kacar ta dawo nan take. Nace a'a tsaya. Na sake ɗora ƙafa, ɗif. Na ɗage, ta dawo. Wallahi sai da nayi sawu biyar a layin nan ina zuwa ina dawowa, da yake motar otomatik ce sai na sa ƙafar hagu akan burki ta dama akan totur ina ɗorawa ina ɗagewa, har dattijan da ke zaune a ƙofar masallaci suka fara bina da kallo, ɗaya ya ɗaga min hannu yace "Malam lafiya kuwa, ko wani abu ka yar?"

Da dare na zauna ina lissafi. Shok ko linkej ina ruwansu da an taɓa burki, in sun lalace sun lalace, ko ka taka ko baka taka ba rami zai sa su yi ƙara. Abinda zai yi shiru don kawai an ɗan matse burki, toh abu ne da burkin ke riƙewa in ya matse, in ya saki kuma ya bar shi yana lilo. A nan ne na tuna da canjin fad ɗin nan.

Saura in san gaba ne ko baya, don kunne yana yaudara a cikin mota, abu na baya sai kaji kamar a gaba yake. Irin tawa diski ne a gaba, baya kuma duram ne mai shu a ciki, kuma hanburki baya kawai yake kamawa. Da safe sai na gwada, ina tafiya kamar tafiyar ƙafa na danne maɓallin hanburkin na ɗan ja shi sama kaɗan ba tare da na taɓa na ƙafa ba, ƙara bata fasa ba. Kenan baya ba ruwansa. Sannan na sauke gilasai na bi ta jikin doguwar katangar makarantar da ke layin, tafiya ɗaya katangar na hagu, dawowa tana dama, don bango yana dawo maka da sauti, sai naji ɓangaren direba yafi tsananin ƙara, ɗaya gefen ma yana yi amma kaɗan-kaɗan. Dan Allah wanda zai gwada irin wannan ya nemi layin da ba mutane kuma a hankali, kar wani yaje ya ja hanburki a kan titi yace ni na koya masa.

Ban koma garejin farko ba. Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike, kowa Baba yake ce masa, irin waɗanda suka koyi aiki tun zamanin da ake harhaɗa Fijo 504 a Kaduna, garejin nasa ma ba wani gareji bane, rumfar kwano ce da bishiyar darbejiya da yara uku. Ranar Asabar da sassafe naje na zayyana masa komai tun daga linkej har gwajin katanga, bai katse ni ba har na gama, sai yace "Bani makullin." Muka shiga tare ya nemi wani lungu mai gargada yayi irin abinda nayi sau biyu kacal ya juyo. Yace "Waye ya sa maka burkin nan?" Nace wani ne dai. Yace "Toh Allah ya shirye shi."

Aka sassauta notinan taya tun tana ƙasa, aka ɗaga da jak, ya sa yaro ya tura ƙarfen tokare a ƙarƙashi don shi baya yarda a sa hannu a motar da ke kan jak kaɗai, yace ya taɓa ganin abinda jak yayi wa ƙafar mutum. Kafin a cire tayar ya dunƙule hannu ya naushi samanta, sai gashi ƙarara, kacar, a tsaye ba tare da motar ta motsa ba. Naji wani sanyi a raina wallahi, wata guda ina farautar abin nan. Da aka cire tayar ya ɗauko sukundireba ya zura ta tagar kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da fad yana matse su, ya taɓa fad ɗin ya tura shi sama ya dawo dashi ƙasa, yana motsi a sake kamar haƙorin da ya kusa fita, ƙwas-ƙwas, ƙarfe na dukan ƙarfe.

Ya sa sifana 14 ya kwance kusoshi biyun da ke riƙe kalifar, ya zare ta, bai bar ta tana reto a jikin tiyon mai ba, waya ya samo ya rataye ta a jikin sifirin, yace tiyon nan in ya tsage daga ciki ba zaka gani ba sai ranar da ka taka burki ya tafi ƙasa. Sannan ya kira ni yace in matso in gani da idona.

Ga yadda abin yake ga wanda bai taɓa leƙawa ba. Akwai wani ƙarfe mai kauri da aka ɗaure a jikin motar, shine gidan da fad biyun ke zama, ɗaya ta cikin diski ɗaya ta waje, makanikai na ce masa biraket. Kowane fad yana da 'yan kunnuwa biyu sama da ƙasa da ke shiga wani gurbi a jikin biraket ɗin, kuma dole ya iya zamewa ya matso diski in an taka ya koma in an saki, saboda haka ba a yin gurbin ya matse shi gam. Toh tsakanin kunnen da gurbin akwai wasu siraran ƙarafuna masu sheƙi kamar an yanko su daga gwangwani, sune kilif, suna da 'yar tauri irin ta sifirin, aikinsu su tokare kunnen fad ɗin ya zauna ba rawa amma kuma ya riƙa zamewa salin alin. A gefen direba na motata babu ko ɗaya. Wayam. Fad ɗin na zaune akan tsurar biraket, duk ramin da na faɗa sai ya yi tsalle ya daki ƙarfe, in na taɓa burki kuma fistin ɗin cikin kalifa ya matse shi a jikin diski ya hana shi motsi, shine shirun da nake ji.

Bai tsaya nan ba, ya zaro fad ɗin ya juya kunnensa ya nuna min, wajen yayi fari tas da zanen dutsen gurinda, an ci kusan kaurin ashana daga kowane gefe. Nan take abin ya dawo min, ranar da aka canja ina zaune akan benci ina ta danne-dannen waya naga yaron garejin ya ɗauki sababbin fad ɗin ya tsallaka wajen mai walda, naji ƙarar gurinda, ban ce komai ba don na ɗauka haka aikin yake. Baba yace abinda ke faruwa kenan kullum, tsatsa da laka suna taruwa a ƙarƙashin kilif su ɗago shi, sabon fad musamman mai arahar nan da ba a yanka shi daidai ba kuma aka lafta masa fenti yaƙi shiga, maimakon yaro ya cire kilif ya kankare tsatsar ya mayar sai ya ɓalle kilif ɗin ya jefar, in ma ya ga dama ya ƙara da goge kunnen don aiki yayi sauri. Nawa an haɗa min duka biyun. Kuma ba zan ɗora wa yaron laifin shi kaɗai ba, don ni da bakina nace a kawo mai sauƙin kuɗin da aka jero min kala uku, araha dai bata ado.

Na tambaye shi ko hatsari ne yawo da shi haka, yace burki zai kama kam, amma duk takawa sai fad ɗin ya fara zabura ya daki biraket kafin ya riƙe, yau da gobe gurbin yana cinyewa har ya kai ko ka sa sabon kilif ba zai zauna ba sai an sayi wani biraket ɗin, kuma fad ɗin yana cin gefe ɗaya. Ya ƙara da wani bayani da ya zauna min, yace kukan burki kala uku ne kar in riƙa haɗa su. In kaji ƙiiii siririya, yawanci ɗan ƙarfen gargaɗin nan ne da ke jikin fad ya fara taɓa diski yana gaya maka ya kusa ƙarewa, ko kuma an jefar da shim, wato faifan gwangwanin da ke manne a bayan fad. In kaji gurrr kamar ana niƙa, fad ya ƙare ƙarfe ke cin diski, ka ajiye motar. In kuma kacar-kacar ce a gargada mai ɗaukewa in an taɓa burki, wani abu ne ya saki, ko kilif, ko fin ɗin kalifa, ko kuma Allah ya kiyaye kusoshin biraket ne ba a ɗaure ba, wannan na ƙarshen shi yasa ba a cewa bari sai an yi albashi. Nawa shim ɗin ma babu, sun tafi bola tare da tsofaffin fad.

Aka buɗe ɗaya gefen. Nan kilif suna nan amma sun kwanta sun mutu, ɗaya ya karye rabi saboda tsatsa. Sai kuma wata sabuwa ta ɓullo, fin biyun da kalifa ke zamewa a kansu, ɗaya yaƙi fitowa sai da aka kama shi da filaya ana murɗawa, da ya fito baƙi ƙirin da giris ɗin nan na gama-gari da ake cusa wa komai, kuma 'yar robar da ke bakinsa ta kumbura. Baba yace giris ɗin da aka yi da man fetur yana kumbura roba, shi yasa fin ke maƙalewa, wajen nan giris ɗinsa daban ne, na silikon ko wanda aka yi musamman don roba. Ya nuna min fad ɗin gefen, ko wata biyu bai yi da sawa ba amma na ciki har ya fara fin na waje cinyewa.

Toh sai sayayya. Yace in tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da babban yaronsa, kuma ya sa sifana 17 ya kwance biraket ɗin gaba ɗaya ya naɗe a tsumma yace mu tafi dashi, kar mu yarda mu biya kuɗin komai sai mun gwada a jikinsa, don Corolla 'yar Amurka da 'yar Turai ko shekararsu ɗaya ba lallai burkinsu yazo ɗaya ba, kuma kwali ba ya faɗin gaskiya kullum. Muka hau adaidaita. Wanda ya san kasuwar nan ya san yadda take, tun kafin ka sauka an kewaye ka, Alhaji me ake nema, Alhaji kawo in gani. Shago huɗu muka shiga ana ce mana ai ba a sayar da kilif shi kaɗai, wani ma dariya yayi yace "wannan gwangwanin? ai ado ne kawai Bature ya sa." Wani mai kayan Baljiyam yace zai ɓalle mana daga jikin tsohuwar kalifa, yaron Baba ya karɓa ya lanƙwasa da yatsa yaga bai dawo ba ya girgiza kai. A shago na biyar ne muka samu fad mai ɗan tsada da yazo da sababbin kilif a 'yar leda cikin kwalin, shim ɗinsa kuma a manne. Yaron ya zauna a bakin shagon ya kankare gurbin da bakin sukundireba, ya danna kilif suka shiga ƙyas, ya zura fad ɗin, da yatsa biyu yake tura shi yana tafiya amma in ka girgiza biraket ɗin ko motsi. Kuɗinsa ya kusa ninka wancan da na sa da farko, nayi ciniki har sai da mai shagon yace "Alhaji ko so kake in rantse maka", na biya, muka ƙara da robobin fin da ɗan ƙaramin giris na silikon, irin mai kama da man kitso fari.

Ɗaurawar bata kai neman daɗewa ba amma na tsaya a kai tun daga farko har ƙarshe, waya na aljihu wannan karon. Aka goge biraket biyun da burushin waya har ƙarfen ya fito, musamman gurbin da kilif ke zama. Aka goge fin da tsumma tas, aka share ramukansu, aka sa sababbin robobi da sabon giris, Baba ya tura kowanne da yatsa yaga yana shiga yana fitowa sumul. Ya ɗauko ma'aunin kauri ya gwada diskin, yace sabonsa milimita 25 ne kuma in ya sauka ƙasa da 23 an gama dashi, adadin ma a rubuce yake a jikinsa in ka kankare tsatsa, nawa yana 24 da ɗan wani abu kuma ba kwari a fuskarsa, aka bar shi aka ɗan bi shi da samfefa kawai. Giris ɗin ya shafa kaɗan a kunnuwan fad, ɗan mitsitsi kamar mai sa kwalli, ya ja wa yaran kunne kar ko ɗigo ya taɓa fuskar fad ko diski.

Wajen mayar da fistin ciki ne aka kusa yin ɓarna, don sabon fad yafi kauri dole a tura fistin baya, kuma in ka tura shi man burki yana komawa sama cikin tankinsa. Ni kuma kwanaki naga man ya ɗan sauka na cika shi har baki, ashe ba daidai nayi ba, saukar nan alama ce ta fad na cinyewa ba wai yoyo yake ba. Baba ya buɗe murfin ya gani yace a kawo sirinji, aka zuƙe kaɗan kafin a tura, yace man nan in ya zubo akan fenti cinye shi yake. DOT 3 ne aka rubuta akan murfin, yace kar in taɓa yarda a zuba min wani abu da ba a san asalinsa ba daga buɗaɗɗiyar kwalba, don yana shan damshin iska.

Da aka zo ɗaure kusoshi na ɗan nuna iyayi, na ciro waya nace Baba a littafin motar fa an ce na kalifa 34 ne a ma'aunin Nm, na biraket 107, notin taya 103. Ya dube ni ta saman tabarau yace "Malam, ni ma'aunin nawa a nan yake," ya nuna damtsensa, yaran suka kwashe da dariya. Gaskiya na fi son ace da sifanar ma'auni aka yi, har yanzu ina ganin ya kamata ace kowane gareji na da ita, amma na lura ƙananan bai ja su da ƙarfi ba, manyan kuwa sai da ya sa doguwar sifana ya jingina jikinsa, notin taya kuma tsallake-tsallake ya bi su ba a jere ba, kuma bai bar yaro ya hau kan wil sifana da ƙafa yana tsalle ba kamar yadda masu faci ke yi.

An sauke mota ina ɗoki na faɗa ciki na tayar har na kai hannu kan giya, sai naji ya daki bonet da tafin hannu, "Kai! Taka burkin tukuna!" Na taka, wallahi ƙafata ta tafi har ƙasa ba komai kamar na taka iska, gabana ya faɗi don akwai wata Golf a gabana da mutum kwance a ƙarƙashinta. Na biyu ma haka, sai a na huɗu ko na biyar yayi tauri, fistin ɗin da aka tura baya ne yake dawowa ya cimma fad. Aka sake duba man yana tsakanin layi biyun. Sannan muka fita wani titi da ba cunkoso yace in kai 30 a agogon, wanda a motar Amurka mil ne wato kusan kilomita 50, in taka a hankali har ta kusa tsayawa in sake, haka kusan sau takwas ba tare da na tsaya cak ba, wai don fad da diski su san juna, kuma kwana biyu in guji taka burkin gaggawa in ba dole ba.

Daga nan ban zarce ko'ina ba sai layinmu. Na sauke gilasai duka, na kashe rediyo, na bi ta kan duwatsun nan da gangan har ina zaɓen masu girma, ba abinda nake ji sai tayoyi na taka tsakuwa. Na shiga gida nayi sallama uwargida ta fito daga kicin da mamaki tace "Au, yaushe ka dawo, ina motar?"

Bayan kwana biyu na biya ta garejin farko, ba don rigima ba, tsofaffin linkej ɗina naje karɓa don Baba yace in kawo ya gani. Na gaya wa mutumin abinda aka samu, ko a jikinsa, yace "Yallaɓai ai rabin motocin garin nan ba kilif suke yawo." Wataƙila ma gaskiyarsa. Linkej ɗin dai da Baba ya murɗa su yace ɗaya ya ɗan fara saki ɗayan kuwa lafiyarsa ƙalau, suna but ɗina yanzu a cikin leda. Shok ɗin da aka ce sun gaji har yau sune a jiki. Abinda ya rage kawai wani ɗan ƙyas guda ɗaya da nake ji da safe in nayi ribas na taka burkin farko, na kira Baba a waya yace fad ne ke gyara zama in an sauya alƙibla, in dai sau ɗaya ne ba komai, in kawo ta bayan sallah ya buɗe duram ɗin baya ya duba shu.